Ranar Da Na Buɗe Wa Yaya Ƙofa

Sallama gare ku, musamman waɗanda suka cika min waya da tambayar ina aka kwana a maganar aurena. Ku gyara zama. In kun ga ina ta kewaye ku yi min uzuri, mutumin da aka karɓe wa makullin mota ba abin da ya rage masa sai lokaci.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne, ko in ce har kwanan baya direba ne. A ƙasar da nake zaune, wadda ba tawa ba, akwai wani gandun daji da baƙi ke zuwa kallon namun dawa. Aikina in zuba su a mota mai buɗaɗɗen rufi in zaga da su, su yi ta ɗaukar hoton jakin dawa kamar za su ba shi. Shekaruna sun doshi hamsin. Gashin kaina ya riga ni barin ƙasar, tumbi kuma ya shigo ba tare da ya nemi biza ba. Na taɓa aure. Matar ta gaji da zama da miji a cikin waya ta nemi in sauwaƙe mata, na sauwaƙe, kuma har gobe ban ga laifinta ba.

Tun daga nan ƙanwata take aiko min hotunan zawarawa kamar mai tallar atamfa. Mahaifiyata ba ta iya rubutu a waya, sai saƙon murya, kuma duk saƙon tambaya ɗaya ce: wa zai rufe maka ido in ka mutu a can? Na taɓa ce mata mai gidan haya tana da makulli na biyu. Ba ta yi dariya ba.

Masu ganin kamar muna cikin daula a nan, bari in shigar da ku ɗakina. Gado, akwati a ƙarƙashinsa, taga mai kallon bangon wani. Kicin na haɗaka ne, kowa ya rubuta alamarsa a jikin robar madararsa. Ranar da kewar gida ta kama ni na kunna turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta tara min duk mutanen benen a tsakar gida, wasu da tawul. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa na daɗe ina gaishe shi kullum safe, ran nan ya tsayar da ni ya tambaye ni ko wani abu nake sayarwa. Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin shi ne takardar zama. Tawa a ɗaure take da aikina. Ranar da kamfani ya sake ka, ƙasar ma ta sake ka, sai ka fara neman kwalin haɗa kaya. Ku riƙe wannan, masu shirin fitowa, ku tambaya tun kuna gida: takardar taka ce, ko ta mai aikin ce aka ara maka?

A cikin wannan zama na haɗu da Mai Ɗinki. Wandon aikina ne ya daina rufuwa, aka kwatanta min wani shago a ƙarƙashin matakala, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Na shiga na tarar da mace da tabarau rataye a zare, abin awo a wuya, allurai a baki. Ina ƙunƙuni ni kaɗai da Hausa a kan tsadar sabon wando, sai ta zare alluran ta auna ƙuguna ta ce, da Hausar da ta fi tawa, “Malam, wandon nan ba shi da laifi.”

Mijinta ne ya kawo ta ƙasar, Allah ya yi masa rasuwa a nan. Dangi suka ce ta tattaro ta koma, ta ƙi. Ta sayi keken ɗinki ɗaya, daga baya ta ƙara na lantarki, ta koyi yaren mutanen har tana yi musu ciniki da shi suna ba ta haƙuri. Ba ta da yawan magana. Saƙonninmu in kun gani sai ku ce na asibiti ne. Ta rubuto, ka ci abinci? In ce na ci. Ta rubuto, burodi ba abinci ba ne. Da haka da haka har na wayi gari ina kai mata rigunan da ba abin da ya same su, ina cire maɓalli da hannuna a bakin shagon.

Da na fito mata da maganar aure ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma ja gyale ba. Ta ce ita ba yarinya ba ce, amma tana da yaya wanda ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, kuma ba ta son ta yi abin da za a ce ta tsallake shi. Aka yi sa'a, ko akasinta, zai zo ƙasar a yi masa aikin ido. Wato za a wanke masa ido tas, abin da zai fara kalla da shi kuma ni ne.

Yaya dillalin shanu ne, ya tsufa a cikin kara. Dogo, baƙi, mai muryar da ta saba yin ciniki daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan. Na je gaishe shi a falon Mai Ɗinki cikin babbar rigar da na tono daga ƙasan akwati, tana warin kafur. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara har ya waiwaya ya duba ƙofa. Ya kira ni yaro. Ni da furfura a gemu. Ya tambayi asalina, ya tambayi sana'ata, da na yi bayani ya jinjina kai ya ce ashe akwai inda ake biyan mutum don ya nuna wa mutane birai. Sai ya ce yana son ya gani da idonsa, tunda yanzu yana da ido.

Na roƙi mai kamfaninmu ta ba ni mota ranar da ba baƙi. Ta ba ni, ta ce amma doka tana nan yadda take, sunana ne a ƙofar gandu.

Yanzu ga shawarar da kuke yawan tambayata, ku masu sha'awar shiga daji, kyauta zan ba ku tunda ni ta daina yi min amfani. Ka sa kaya masu launin ƙasa. Fari yana haska ka tun daga nesa, kuma kafin rana ta take ya koma kalar hanya. Baƙi da shuɗi mai duhu kuwa gayyatar ƙudan tsando ne, cizonsa yana ratsa yadi. Kada ka fesa turare. Kada ka riƙe ayaba ko lemo a hannu inda birai suke, ba sa roƙo, karɓa suke yi. Ka sha maganin sauro yadda likita ya ce, ba yadda abokinka ya ce ba. Uwa uba, ka rage shayin safe. A duk faɗin gandunmu wuri ɗaya ne aka kewaye da waya aka yi banɗaki, nan kaɗai ƙafar mutum take taɓa ƙasa.

Duk na rubuta wa Mai Ɗinki wannan da yamma. Ta amsa, na faɗa masa. Na ce, me ya ce? Ta rubuto, ya ce ya ji.

Da safe na tsaya a ƙofar gidanta. Ita ta fito cikin doguwar riga ruwan ƙasa da takalmin roba, da gorar ruwa a hannu. Yaya ya fito cikin farar shadda mai aiki har ciki, an ɗora mata sitaci tana ƙara in ya motsa, hula ta zauna daram, turarensa ya riga shi shiga motar. A hammatarsa ga fulas ɗin shayi irin na masu jego. Na dubi Mai Ɗinki, ta dubi sama. Na buɗe masa gidan gaba na ce ya yi kyau.

Ku fahimci wani abu game da aikinmu. A cikin gandu direba ne sarki. Makullin ƙofofi duka yana ƙarƙashin yatsana, ba mai sauka sai na danna. Na taɓa daka wa wani babban soja tsawa ya mayar da ƙafarsa ciki yana ba ni haƙuri. Na taɓa sa wata amarya kuka don na hana ta tsayawa kusa da raƙumin dawa a ɗauke ta hoto. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai ko uwata ce ba zan buɗe mata ba. Kuma kowace mota tana da rediyo. Da shi muke gaya wa juna inda zaki ya kwanta, da shi kuma dole duk direban da ya ga mutum a ƙasa ya sanar da masu gadin daji nan take. In ya yi shiru, shi ma katinsa na shiga gandu ya tafi.

Da farko tafiyar ta yi daɗi. Yaya ya ga jakin dawa ya ce wannan jaki ne ya samu tela, ya waiwaya ya ce wa ƙanwarsa ko aikinta ne. Ya ga giwaye ya yi tasbihi. Ya ga garken barewa ya ƙiyasta nawa za su yi a kasuwa in da mai kora. Tsakanin dabba da dabba kuma sai ya tsiyaya shayi a murfin fulas ya juyo kaina. Me ya raba ni da matar farko? Ina da fili a gida? Yaushe zan koma, ko na yi niyyar a binne ni cikin mutanen da ba sa amsa sallama? Ina amsawa ina kallon hanya, shi kuma yana tsiyayawa. Na ga murfi na bin murfi, na buɗe baki in yi magana, na tuna ba a ce wa surukin da ba a samu ba tukuna ya rage shan abu.

Muka hango garken ɓauna daga nesa. Na ce masa a duk dajin nan ba dabbar da muke tsoro kamarta, ta fi zaki, don zaki yana gargaɗi. Ya yi dariya har hularsa ta motsa. Ya ce yaro, wannan ai saniya ce ba ta samu makiyayi ba. Shi da ya kama bijimin da ya gagari mahauta da hannu ɗaya.

Rana ta ɗaga. Na lura ya daina magana, ya fara gyara zama, yana matse gwiwa. Mun gangaro wani kwari mai doguwar ciyawa, da ɗan rafi da wata bishiya mai inuwa. Irin wurin da tsofaffin ɓaunaye da garke ya kora suke kwanciya su kaɗai, ransu a ɓace.

“Tsaya nan,” in ji shi.

Na rage gudu, na ce da ladabi akwai wurin da aka tanada a gaba kaɗan, yanzu za mu kai.

“Zan kama ruwa.”

Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, yana kallon gilashi. Dattijo irin Yaya ya furta wannan a gaban ƙanwarsa da manemin ƙanwarsa, na san abin da ta ci masa, na kuma san ba zai maimaita ba. Daga kujerar baya Mai Ɗinki ta ce, “Yaya, ba a sauka a nan.” Ya ce ba da ita yake ba. Ya ja hannun ƙofar, ta ƙi. Ya juyo ya dube ni da sabon idonsa.

“Buɗe.”

Jama'a, ina da a'a a harsuna uku. Na faɗe ta ga masu kuɗi, na faɗe ta ga masu bindiga. Ranar na laluba ko'ina a cikin bakina na tarar ba ni da ita da Hausa. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar makullin, ƙwas, kuma yatsana ne a kai.

Ya karɓi gorar ruwan ƙanwarsa ya sauka, ya tattare shadda, ya taka cikin ciyawa ba gaggawa, ya zaga bayan wani ɗan kurmi. Farar rigar tana haskawa ta cikin ganye kamar an kafa tuta. Ban kashe mota ba. Ta madubi na ga Mai Ɗinki ba shi take kallo ba, ƙeyata take kallo.

Sai ga motar wani abokin aikina ta ɓullo daga kwana, cike da baƙi, kowa da kyamara. Rediyo ya yi ƙara. Abokin nawa ya kira ni ya ce in mayar da mutumina ciki yanzu-yanzu. Ya ɗan jira, iyakar abin da zumunci zai iya ba ni ke nan, sannan na ji ya kira masu gadi. Suna kusa, a bakin rafin.

A lokacin ne carki suka tashi fir daga cikin ciyawa, tsuntsayen nan masu bin bayan manyan dabbobi suna cin kaska. Inda suka tashi, akwai wanda suka tashi daga kansa. Na leƙa na kira Yaya. Ko a nan ma, Allah ya sani, ban ɗaga murya yadda ya kamata ba. Cewa na yi, “Yaya, in an gama a taho.”

Ya fito yana yarfe hannu. Ciyawa ta buɗe a gefensa, wani tsohon ɓauna ya miƙe, laka ta bushe a bayansa, ƙaho ɗaya a gutsure. Na san shi. Shekaru ina wuce shi a kwarin nan, yana kwance yana tuƙa, ban taɓa ganin ya kula kowa ba. Yaya ya tsaya. Maimakon ya ja da baya, sai ya ɗaga hannu ya yi masa irin ƙyaccin da ake yi wa sa a kara.

Abin da ya biyo baya ban gan shi a jere ba. Na san na karya kan motar na faɗa cikin ciyawa don in shiga tsakaninsu, wanda shi ma laifi ne mai zaman kansa. Na san tayar gaba ta faɗa rami motar ta karkace. Na san Mai Ɗinki ta tura ƙofar baya ta damƙo wuyan shaddar ta fizgo yayanta ciki kamar buhu, ƙafafunsa a waje. Sai ɓaunan ya tunkuyi motar ta ɗaga ta dawo, ƙarfe ya lotsa daidai inda Yaya yake tsaye ɗazu. Ɓaunan ya ja baya, ya girgiza kai, ya sake saitawa. Sai harbin masu gadi.

Ɓaunan bai mutu nan take ba. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya yi wani dogon kuka da ban taɓa ji ba, ban kuma son in sake ji. Baƙin da ke ɗaya motar suka sauke kyamarori, wata tsohuwa a cikinsu ta rufe fuska. Dabbar da ta tsufa a wurinta, ta tsallake zakuna da shekarun fari, ta zo ta mutu don wani ya sha shayi, wani kuma ya ji kunya.

Yaya ya zauna yana haki, hula ta ɓata, sitaci ya karye. Da numfashinsa ya dawo ya leƙa ta taga, ya ce, “Ba mai wuƙa a cikinku? Za ku bar naman nan ya zama mushe.”

Shugaban masu gadin ya zo wajen tagata. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu ya cire katin shiga gandu daga wuyana da kansa, ya ce da yarensu na gama tuƙi a dajin nan, kuma rahoto zai riga ni isa kamfani. Yaya ya tambaye ni me yake cewa. Na ce barka yake yi mana. Na manta, ko na so in manta, cewa wadda ke kujerar baya ta fi ni jin yaren.

Aka janyo mu daga ramin. A hanyar fita Yaya ya warware, bakinsa ya buɗe. Ya ce wa ƙanwarsa shi fa duk tafiyar nan auna ni yake yi. Ya ga 'yan zamani da yawa, amma yaron da babba zai ce masa buɗe ya buɗe ba musu, sannan ya jefa kansa gaban dabba saboda shi, wannan ɗan mutunci ne. Ya dafa kafaɗata ya ce ya ba ni ƙanwarsa. Muna fita ƙofar gandu, waya ta samu layi, ya kira mahaifiyarsu, Inna, ya shaida mata. Kafin mu kai gari labari ya isa gidanmu. Saƙon muryar mahaifiyata ya shigo, rabinsa addu'a rabinsa kuka. Ƙanwata ta rubuto tana tambayar wane launi amarya take so. Mai Ɗinki tana ta kallon waje ta taga har na sauke su.

Mai kamfani ma ba ta ɗaga murya ba. Ta duba lotsewar motar, ta karɓi makulli ta sa a aljihun tebur, ta ce doka ta tilasta mata ta sanar da ofishin baƙi cewa ba na aiki da ita, daga nan kuma ɗan wa'adi ne za su ba ni, ba mai yawa ba. Ta ce abu ɗaya take son ta sani, don ta kasa ganewa: ni, duk cikin direbobinta, me ya sa na buɗe? Na ce mata yayan matar da zan aura ne. Ta tsaya tana jiran sauran bayanin. Babu saura.

Washegari da hantsi na je shagon. Tana kan keken lantarki tana haɗa labulen wani, ba ta tsaya ba. Na zauna a kan kujerar masu jiran awo, na ce mata in sha Allah zan samu wani abu, akwai masu neman direban kaya, kuma ba sai an tayar wa dattijo hankali ba tunda jibi zai tafi. A bar shi ya koma da farin cikinsa.

Ta ɗaga ƙafa daga keken.

“Yaya ya ba ka ni, na ji,” ta ce. “Ni ban ba ka kaina ba tukuna.”

Na ce ai na ɗauka mun gama wannan tun tuni.

“Mun gama da mutumin da na ji ana cewa ko uwarsa ba zai buɗe wa ƙofa ba. Jiya wani na gani.” Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta. “Kun zauna a gaba ku biyu kuna jin kunyar juna, ni ina kujerar baya. Haka aka yi auren farko, haka aka kawo ni ƙasar nan, haka aka so a mayar da ni. Kullum maza biyu suna girmama juna, ni ce a baya.”

Na ce wannan daban ne, lalura ce ta kama shi.

“Gobe in ya kira ka ya ce ka rufe shagon nan ka kawo ni gida, lalura ce. Za ka ce to. Ka ma fara neman kwali kafin ka gaya min.”

Ni da ita mun san gaskiya ta faɗa. Ta ce ba aikin ne ya dame ta ba, keke biyu suna iya ciyar da mutum biyu, kuma takarda ana nemanta a samu ko a rasa. Ba ta ce in zage shi ba, ba ta ce in ɗaga masa murya ba. In faɗa masa abin da ya faru, da bakina, ina kallon idonsa, kafin jirginsa ya tashi. In na kasa, ita za ta gaya wa Inna da kanta cewa ta fasa, kuma ba za ta faɗi dalili ba, don kada ta kunyata ni. Ta mayar da tabarau ta taka keke.

Na samu dama a falonta, na yi masa maganar magungunan idonsa. Na samu dama a motar haya zuwa filin jirgi, na yi masa bayanin yadda ake auna kaya tun a gida, da yadda ba a karɓar saƙon da ba ka ga cikinsa ba ko na wane ne. Ya ce in sha Allah shi ba ya karɓa, alhali rabin akwatinsa saƙon mutane ne. Na samu dama a layin awo, na tsaya ina gardama da ma'aikaciya a kan nauyin jakarsa, da ƙarfin hali irin wanda nake da shi a kowane yare ban da nawa. Mai Ɗinki tana gefe, jakarta a hammata, ba ta ko kallona.

Muka zo inda masu rakiya suke tsayawa. Ƙaramar jakar Yaya tana hannuna. Ya sa sabuwar shadda ruwan toka, ya fesa turaren nan. Ya yi mana nasiha, ya ce da ya isa zai tara dangi a sa rana, ya miƙo hannu ya karɓi jakar. Ban saki ba.

“Yaya, akwai magana.”

“Ai an gama magana, yaro.”

Na ce ba barka mai gadin nan ya yi mana ba. Na gaya masa an karɓe katina, an karɓe makulli, takardar zamana ta kusa zama takardar banza, kuma watakila in riga ƙanwarsa komawa gida da akwati ɗaya. Ya saurara har na gama, fuskarsa ba ta motsa ba.

“Wato ni na kore ka daga aiki.”

Ga ƙofa a buɗe, jama'a. In ce a'a wallahi, ƙaddara ce, ya dafa ni, a rabu lafiya. Na ji kalmomin sun taho da kansu har bakin haƙorana. Na ɗaga kai na dube shi, abin da ban taɓa yi ba tun zuwansa.

“Ni na danna makullin, Yaya, wannan nawa ne. Amma an gaya maka ba a sauka, ka sauka. Dabba ta mutu, saura kaɗan ƙanwarka ta koma da gawarka. Da za a sake, ba zan buɗe ba. Ko ka faɗa sau goma.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare jakar daga hannuna a hankali, ya juya wajen ƙanwarsa ya ce, “Ashe ladabin na haya ne.” Bai ba ni hannu ba, ita ma bai yi mata sallama ba. Ya shige. Ta cikin gilashi muna ganinsa, tun kafin ya kai wurin masu duba fasfo ya ciro waya ya kara a kunne, hannu ɗaya yana sara iska.

Muka tsaya nan, mutane suna ratsa mu da kekunan kaya. Ba aiki, ba takarda, yanzu kuma ba waliyyi. Na kasa juyawa in dube ta, don ban san me zan tarar ba.

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro, ta sa tabarau ta duba, ta bar ta tana ta ruri. Sai ta miƙo min.

“Inna ce. Ungo, tunda bakin ya buɗe.”

Na goge tafin hannuna a jikin riga, na karɓa, na danna. Kafin in yi sallama muryar tsohuwar ta cika min kunne: “Ke, ki ce min ƙarya yayanki yake yi.”

Na ce, “Inna, ba ita ba ce. Ni ne.”